Yadda ake hayayyafa kifin Nemo a tankin ruwan gishiri a gida

Kifin nan mai ruwan lemo da zanen fari uku, wanda yara suka sani da Nemo tun bayan fim ɗin Finding Nemo na 2003, yana cikin kifayen teku ƙalilan da mutum zai iya sa su yi ƙwai a ɗakinsa, ya kuma raini 'ya'yan har su girma. Sunansa a wurin masana Amphiprion ocellaris. Gidansa na asali gabashin tekun Indiya ne da yammacin Fasifik, wajen Indunisiya da Filifin da arewacin Ostireliya. Danginsa sun kai kusan iri 30, har da wani mai zane biyu da ke Bahar Maliya, gaɓar Jidda da ta Sudan. Babu ko ɗaya a tekun Atlantika, saboda haka duk wanda ya ce maka daga ruwan Legas aka kamo shi, ka riƙe kuɗinka. Tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya fara hayayyafa shi don sayarwa a Fulorida ta Amurka, kuma a yau da yawa daga cikin waɗanda ake gani a shagunan kifin ado ba su taɓa shiga teku ba.

Sa iyayen su yi ƙwai ba shi ne aikin ba. In ka ba su ruwa mai kyau da abinci da kwanciyar hankali, da kansu za su yi. Aikin yana cikin kwana goman farko na jariran, lokacin da ba sa cin komai sai abu mai rai da ido ba ya gani sosai. Wanda bai iya kiwon wannan abincin ba, ƙwai zai yi ta gani duk sati biyu, ya kuma yi ta kwashe gawarwaki.

Wuta tukuna

Kafin ka kashe ko sisi a kan gilashi, ka tabbatar kana da wutar da ba ta yankewa, ko sola da batir, ko inbata. Kayan ba su da cin wuta sosai, amma ba sa jure tsayawa. Idan famfo ya mutu na wasu sa'o'i, iskar da ke cikin ruwan tana ƙarewa, ƙwayoyin halittar da ke tsaftace ruwan a cikin matata su fara mutuwa. Ka ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a gefe don ranar da komai ya ƙi.

Ruwan yana son digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana. A ƙasa irin tamu wannan yana nufin yaƙi biyu. Lokacin hunturu kana buƙatar hita mai kashe kanta, don sanyin asuba yana sauke ruwan. Lokacin bazara kuwa, in ɗaki ya yi zafi ruwan ya haura digiri 30, kifin yana wahala, ƙwan ma yana lalacewa. Fanka ƙarama mai hura saman ruwan tana rage zafin kaɗan, amma ɗaki mai na'urar sanyaya ya fi. Kada ka ajiye tankin inda rana take bugawa ta taga.

Tanki da ruwa

Tankin lita 75 zuwa 100 ya ishi mace da namiji. Su biyu kawai, ban da wani kifi. Ba sai ka zuba yashi ba, domin ƙasan gilashi tsirara ya fi sauƙin sharewa. Ka sa matatar soso mai aiki da iska ko wata matata mai sauƙi, da 'yan duwatsun da aka yi don tankin teku, da murfi saboda suna tsalle. Duk wani ƙarfe ka nisanta shi da ruwan, musamman tagulla.

Gishirin miya ba zai yi ba, ko na kanti ne ko na dutse. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da wasu sinadarai da yawa, shi ya sa ake sayen gishirin da aka haɗa musamman, irin su Instant Ocean ko Red Sea. Ruwan da za ka kwaɓa shi da shi kuma ya zama wanda ya bi ta matatar RO, wato na'urar da ke tace gishiri da sinadarai daga ruwa, domin ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin, na rijiya da na burtsatse kuma ba ka san abin da ke ciki ba. Kusan giram 35 a kowace lita yana kai ka kusa da gishirin teku, amma kada ka dogara da awon cokali. Ka sayi ma'aunin gishiri, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido ya fi na roba mai allura gaskiya. Ka tsayar da gishirin ruwan a wuri ɗaya, tsakanin 1.021 da 1.025 a wannan ma'aunin. Tsayuwar ta fi lambar muhimmanci. A kwaɓa ruwan kwana ɗaya kafin amfani, famfo yana juya shi.

Ka yi layi a jikin gilashin daidai bakin ruwan. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi, don haka duk abin da ya ragu da ruwan RO zalla ake cike shi, ba da na gishiri ba. Da hunturu, da iska ta bushe, kullum za ka yi wannan.

Sai jira. Ka jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ko ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki, ba tare da kifi ba. Amoniya, gubar da ruɓewa da kashin kifi suke fitarwa, za ta hau, ta sauka yayin da ƙwayoyin halittar matata suke mai da ita wata gubar mai suna naitirait; naitirait ta hau, ita ma ta sauka ta zama naitiret, wadda ba ta kai su illa ba. Sai dukkansu biyu sun koma sifiri a kayan gwaji ake sa kifi. Yakan ɗauki sati 4 zuwa 6. Daga nan abin da kake so kullum shi ne amoniya sifiri, naitirait sifiri, naitiret ƙasa da 20, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 8.0 da 8.4.

Haɗa mace da namiji

Wannan kifin ba a haifar shi mace. A cikin rukuni, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ne yake rikiɗa ya zama mace, na biyu ya zama mijinta, sauran su tsaya ƙanana ba sa haihuwa. In macen ta mutu, mijin ya rikiɗa ya maye gurbinta. Wanda kuwa ya riga ya zama mace ba ya komawa baya.

Wannan ya sauƙaƙa maka. Ka sayi ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, su daidaita tsakaninsu. Abin da za ka guje wa shi ne manya biyu da kowanne ya daɗe shi kaɗai a tankinsa, domin mai yiwuwa duka mata ne, kuma faɗansu ba ya ƙarewa sai ɗaya ta mutu. A makonnin farko za ka ga babban yana korar ƙaramin, ƙaramin ya karkata gefe yana karkarwa kamar mai jin sanyi. Ba ciwo ba ne, sallamawa ce, kuma alama ce mai kyau. In kuwa ka ga fiffike ya yage, ƙaramin ya maƙale a kusurwar sama ba ya cin abinci, a raba su.

Ka nemi waɗanda aka haifa a tanki. Na teku sukan zo da wata cuta da ake kira Brooklynella, mai sa fata ta yi farin yauƙi, numfashi ya yi sauri, kuma tana kisa cikin kwanaki kaɗan. Ka fara da ocellaris ko ɗan uwansa percula. Akwai wani babba mai launin jan goro da ake kira marun, kyakkyawa ne ƙwarai, amma macensa tana iya kashe mijin da ba ta so.

Mutane da yawa suna ɗauka dole sai an sa musu anemoni, halittar nan mai kama da fure mai harbi da suke fakewa a ciki a teku. Ba dole ba ne, kuma ni ban ba ka shawarar sa ta ba: tana son haske mai ƙarfi, tana yawo a tanki, in ta mutu ta ɓata ruwan duka. Ƙaramar tukunyar ƙasa irin ta shuka fure, marar fenti, wadda aka wanke da ruwa zalla aka kwantar a gefenta, ta wadatar. Ka sayi biyu iri ɗaya, za ka ga amfanin ta biyun nan gaba.

Namiji yana balaga da wuri, amma mace takan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A wannan tsakanin aikinka abinci ne da tsari. Sau uku a rana, kaɗan-kaɗan: abincin ƙwaya-ƙwaya na kifin teku, da niƙaƙƙen ɗanyen jatan lande, da naman kifin teku ko ƙwansa. Macen da ba ta ƙoshi ba ƙwanta yakan fito fari-fari, kuma sau da yawa su cinye shi. Ka canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan duk sati. Fitila ta kunnu ta mutu a lokaci ɗaya kullum, sa'a 12 zuwa 14, da agogon da ke kunna ta da kansa. A daina motsa duwatsu, a hana yara buga gilashi.

Ƙwai

In lokaci ya yi za ka ga su biyun suna cizon wuri ɗaya a cikin tukunyar suna gogewa, cikin macen ya cika, wani ɗan farin bututu ya leƙo a ƙasan cikinta. Yawanci da rana zuwa yamma take yi. Tana bin wurin tana manna ƙwai, namijin yana biye yana barbara. Ƙwan ruwan lemo ne mai haske, daga ɗari zuwa ɗaruruwa gwargwadon girmanta. Daga nan aikin namijin ne: yana fifita su da fiffikensa, yana tsince waɗanda suka mutu da baki.

Zubin farko da na biyu sukan zama kaɗan, kuma iyayen sukan cinye. Kada ka damu, kada ma ka yi ƙoƙarin rainon su. Ka yi amfani da su wajen lissafi. Rubuta ranar da aka yi ƙwan. Bayan kwana uku zuwa huɗu zai yi duhu, daga baya idanu su bayyana, a ranar ƙarshe su yi ƙyalli kamar azurfa. Ƙyanƙyasa tana zuwa tsakanin kwana 7 da 10, ya danganta da ɗumin ruwan, kuma kullum bayan an kashe fitila da sa'a ɗaya ko biyu. In ka gano cewa naka a dare na takwas suke fashewa, haka za su riƙa yi muddin zafin ruwan bai canza ba. Ma'auratan da suka zauna sukan yi sabon ƙwai duk kwana 10 zuwa 14.

Rotifa, inda aikin yake

Jaririn yana fitowa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, bakinsa ƙanƙane, kuma abin da ke motsi kawai yake kai wa cafka. Abincinsa rotifa ne, wata 'yar halittar ruwa mai suna Brachionus plicatilis da ba ta kai rabin milimita ba. Ba a ajiye ta a kwalba a ɗebo ranar buƙata, kiwonta ake yi. Ka fara tun ranar da ka ga zubin farko, don ka samu wata guda kana koyo kafin akwai bakin da ke jiran ka. Irin nata ana sayar da shi da rai, ana kuma sayar da busassun ƙwayayenta da ke jure tafiya mai nisa, waɗanda suka fi dacewa da wanda zai yi oda daga waje.

Ka samu bokiti biyu na lita 20. Biyu, saboda wata rana ɗaya zai mutu ba tare da sallama ba. Zuba ruwan gishiri mai sauƙi, wajen 1.016 zuwa 1.018, ka sa tiyon iska yana kumfa a hankali. Ba matata, domin za ta tace su. Abincinsu ƙwayoyin gansakukar teku ne masu suna Nannochloropsis, waɗanda suke mai da ruwa kore. Ko dai ka sayi mai kauri na kwalba, wanda sai an ajiye a firji, ko ka noma naka a gorunan roba masu haske: ruwan gishiri, takin da aka yi dominsa, iska, da fitila sa'a 16 a rana. Cikin sati ɗaya zuwa kwana goma ya yi kore shar, ka ɗebi rabi ka cike da sabon ruwa. Ka nisanta gorunan daga bokitan, kada ma su haɗa tiyo ko kofi, don rotifa ɗaya in ta faɗa ciki, cikin kwanaki za ta cinye gonar.

Ka ciyar da bokitin aƙalla sau biyu a rana, daidai yadda ruwan zai yi kore-kore. In ka dawo ka tarar ya washe, sun cinye, a ƙara. In ya kwana bai washe ba, ka cika hannu ko kuma sun ragu, a dakata. Wasu suna ba su yis na burodi. Suna rayuwa a kansa, amma rotifar da ta ci yis ba ta ɗauke da kitsen da jaririn kifin teku yake buƙata, sai ka ga jarirai suna ci suna mutuwa.

Ga abin da masu farawa suke ƙin yi: kullum sai ka ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na bokitin, ko da babu jariran da za su ci, ka mayar da sabon ruwan gishiri. Kamar mai kindirmo ne, ana kwashewa ana barin iri, in an bar shi haka nan lalacewa yake yi. Ɗiban shi ke sa su ci gaba da haihuwa, shi ke rage amoniya. A tace da rariya mai ƙofa maikuron 53 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), ruwan bokitin a zubar, kada ya shiga tankin jarirai. Duk sati a juye su a wankakken bokiti a bar dattin ƙasa. In kana son sanin yawansu, ja mililita ɗaya da sirinji, ka ɗaga wa haske, ka ƙirga ƙurar da ke motsi da gilashin ƙara girma.

Daren ƙyanƙyasa

Tankin jarirai ƙarami ne, lita 20 zuwa 40, ba komai a ciki sai hita da dutsen iska, wato ɗan dutsen da ake sa wa a bakin tiyon iska don ya fitar da kumfa. A rufe gefunansa huɗu da baƙar leda ko baƙin kwali, domin hasken gefe yana ruɗa su su yi ta bugun gilashi maimakon farauta. Ba matata. A cika shi rabi da ruwan tankin iyayen, zafi ɗaya, gishiri ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗauke tukunyar. Da yammacin ranar da lissafinka ya nuna, kafin a kashe fitila, ka nutsa roba a cikin tankin, ka sa tukunyar a ciki tana cikin ruwa, ka kai ta tankin jarirai. Nan take ka mayar wa iyayen tukunya ta biyu a daidai wurin. Ka yi hattara, macen tana cizo. Sai ka saita dutsen iska a ƙarƙashin ƙwan yadda kumfar za ta riƙa kaɗa su a hankali, tana yin aikin da uban yake yi. Ƙwan da bai motsa ba yana shaƙewa. Kashe kowane haske, ka rufe saman, ka fita. Bayan sa'a biyu ka leƙa da ƙaramar tocila. In wasu sun rage, a bar tukunyar zuwa daren gobe.

In kuwa sun yi ƙwan a jikin gilashi ko dutsen da ba ya ɗaguwa, sai ka kashe duk famfunan tankin iyayen da aka kashe fitila, ka jira, sannan ka haska tocila a kusurwa ɗaya. Jariran suna bin haske. Ka kwashe su da kofi tare da ruwansu. Kada raga ta taɓa su. Ka tuna ka kunna famfunan bayan ka gama.

Kwana goma na farko

Da safe ka rage ƙarfin iskar, ka zuba rotifa har su kai kamar 10 zuwa 15 a kowace mililita, ka ɗiga ruwan kore har ƙasan tankin ya zama da ƙyar ake gani. Koren yana ciyar da rotifar da ba a ci ba, yana kuma tausasa hasken. Fitila daga sama, marar ƙarfi. In jariran sun taru a ƙasa suna goga kai, haske ya yi yawa, a ɗaga fitilar ko a shimfiɗa takarda. In suna tsakiyar ruwa suna lanƙwasa jiki suna kai cafka, ka dace. Duba cikinsu: na mai ci yana cika ya yi haske. Wanda bai fara ci ba a kwana biyun farko, rana ta uku a ƙasa za ka same shi. Safe da yamma ka duba yawan rotifar ka ƙara.

Tunda babu matata, amoniya ce abokiyar gaba. Daga rana ta biyu ko ta uku, kullum ka zuƙe dattin ƙasa da gawarwaki da siririn tiyon iska, a cikin farar roba don ka ga wanda ka zuƙo bisa kuskure ka mayar. Ruwan da za ka mayar kada a kwarara shi. Ka ɗaura ƙulli a tiyo ya riƙa ɗiga, ya ɗauki sa'a ɗaya ko fiye. Ta haka za ka riƙa ƙara yawan ruwan a hankali har tankin ya cika.

Wajen rana ta biyar zuwa ta bakwai bakinsu ya isa cin artemiya, wasu mitsi-mitsin jatan landen ruwan gishiri. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san ta, kuma a wurin masu sayar musu da kaya za ka fi saurin samu. Sai dai ka tambaya da kyau, domin akwai wadda aka ɓare aka busar don a ba kifi kai tsaye, ita ba ta ƙyanƙyashewa. Kai mai fashewa kake so. A zuba ƙwan a gorar da aka kifa, ruwan gishiri, iska mai ƙarfi, haske, cikin sa'a 18 zuwa 24 sun fito. Kashe iskar, ɓawon ya taso sama, ka zuƙo jajayen daga ƙasa, ka ɗauraye. Ɓawon yana toshe hanjin jariri. A ba su sabuwar fitowa, kaɗan, abin da za su cinye cikin ɗan lokaci, domin ba su san ƙoshi ba. Kada ka yanke rotifa rana ɗaya, a haɗa su biyun na wasu kwanaki saboda ƙananan cikinsu. Akwai garin abinci na musamman irin su TDO da Otohime da ake fara yayyafawa a wannan lokacin, har wasu masu kiwo suna tsallake artemiya gaba ɗaya da shi.

Tsakanin rana ta 8 da ta 12 suke rikiɗa. Jiki ya yi kauri, launin lemo ya fito, farin zanen kai ya bayyana, su bar tsakiyar ruwa su koma ƙasa da kusurwoyi suna irin rangajin iyayensu. Nan ne mutuwa ta biyu take zuwa, kuma waɗanda ba su ci abinci mai kyau ba a satin farko su ne suke faɗuwa. A kwanakin nan kada ka yi babban canjin ruwa, kada ka kunna fitila farat ɗaya cikin duhu.

Bayan sun rikiɗa

Yanzu ka sa matatar soso wadda ta yi makonni a tankin iyayen, ka cire baƙar ledar a hankali, ka mayar da su kan garin abinci sau huɗu ko biyar a rana. Da sun kai wata ɗaya a kai su tanki mai faɗi da cikakkiyar matata. Ka bar su da yawa wuri ɗaya, domin in sun yi kaɗan manyan suna samun wanda za su sa wa ido, in suna da yawa faɗan yana rarrabuwa. Za ka ga wasu zanensu bai haɗe ba. Lafiyarsu ƙalau, kuma yawanci ana danganta hakan da ingancin ruwa da abinci a kwanakin farko. Masu karkataccen baki ko gajeren murfin wurin numfashi kada a bar su su yi iri.

Cikin wata 4 zuwa 6 sukan kai santimita biyu da rabi zuwa uku, girman da ake sayarwa ke nan. Ka san inda za su je tun kafin su kai nan, don masu tankin ruwan gishiri ba su da yawa, iyayen kuma ba za su daina ba. Ba kowane zubi ake raino ba. Wanda ba ka da wurinsa ka bar shi ya ƙyanƙyashe a tankin iyayen, bokitan rotifa kuwa a ci gaba da ciyar da su ana ɗiba kullum har zuwa zubin da ka shirya wa.